Babi na Biyar: Lissafin Rumbu

A ƙauyukan Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, kakar hatsi tana zuwa da baƙi iri biyu. Akwai dangi da almajirai da tsofaffi marasa ƙarfi, masu zuwa a ɗiba musu daga albarkar gona, kuma ana murna da zuwansu. Akwai kuma wanda yake isowa da amalanke da buhuna a naɗe, ya tsaya a bakin masussuka ya yi sallama, a amsa masa murya ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne mai bin bashi, ko yaronsa. Matan da ke sussuka ba sa ɗaga kai. Ana auna masa tiya bayan tiya, yana ƙirgawa da baki, maigida yana ƙirgawa a zuci, har a ɗinke buhu na biyu. Hatsin da ya tafi a amalanken nan an riga an cinye shi tun cikin damina, lokacin da rumbu ya ƙare ana tsakiyar noma. Abin da aka ci buhu ɗaya ne, abin da ya tafi kuwa biyu.

Mutanen ƙasar Maraɗi suna da sunan da suke kiran irin wannan rance: a ci ba daɗi. Yadda yake tafiya ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuli ko Agusta hatsi yana kan tsadarsa, ɗan kasuwa ya ba ka buhu a kan farashin ranar, da sharaɗin za ka biya da kaka. Da kaka ta yi, kowa ya fito da hatsi kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. A ɗauka an rubuta maka buhun a jika 28 na sefa, ranar biya kuma ana sayar da shi jika 14. Ko da mai bashin bai ɗora maka ko dala ba, buhu biyu za ka auna masa kafin ku rabu. Shi kuma zai zuba su a ɗakin ajiya, ya jira wata takwas ko tara, ya sake ba ka su, ko ya ba maƙwabcinka, a kan tsadar wata daminar.

Wanda bai san ƙasar ba yakan yi mamakin jin cewa a nan ake wannan fama, don jihar Maraɗi ita ake kira rumbun Nijar. Daga Agiye da Gazawa ake fitar da aya da wake da riɗi, manyan motoci suna lodi zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Amma shekarar 2005 ta nuna wa duniya cewa cikar kasuwa ba ta cika tukunya. Bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004, farashin hatsi ya yi tashin da talaka bai taɓa gani ba, kuma ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar cikin shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gidaje da yawa sun tsallake shekarar ne da sayar da awaki, da jinginar da gona, da cin bashin da suka yi shekaru suna biya. Ga kuma ƙasar noma da ke ta ƙanƙancewa: ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3.4 a jihar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne ke raba ta.

Na faɗi wannan tun da wuri don kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda bashi ya danne, sakaci ne ya kai shi. Akwai gidan da ko ƙwayar hatsi ba a ɓarnatar ba, amma gonar ba ta kai ta ciyar da su wata huɗu. Akwai wanda 'yan bindigar da ke tsallako iyaka daga dazukan Zamfara da Sakkwato suka kore masa shanu, ko suka ɗauke masa ɗa, ya sayar da duk abin da ya mallaka ya haɗa da rance kafin ya fanso shi. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya, kuma kafin wata ƙungiya ta iso, rumbunan talakawan ƙauye ne suka fara ciyar da su. Irin waɗannan gidaje taimako suke bukata, kuma addini ya san da su, tunda wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka. Maganata a wannan babi da gidan da ke tsaka-tsaki take, wanda gonarsa da hannunsa za su iya fitar da shi in an yi lissafi, amma kowace shekara sai ya sake komawa ƙofar Alhaji mai ba da bashi.

Lissafin kuwa da dami ake fara shi, tun kafin a rufe rumbu. Kowane magidanci ya san dami nawa ya ɗaure, wannan ba a koya wa manomi. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne mayar da damin zuwa kwanaki. A ɗauki dami guda matsakaici, a sussuke, a sheƙe, a auna. A ce ya ba da tiya 6. Sai a tambayi uwargida, don ita ta sani, tiya nawa take ɗiba a yini tsakanin fura da tuwo. Gida mai mutum takwas yakan ci kusan tiya 2 a rana, wanda ya yi daidai da ma'aunin da hukumomin Nijar ke aiki da shi na kilo 231 ga kowane mutum a shekara, tunda tiya ta kai kilo biyu da rabi. Dami ɗaya ke nan abincin kwana uku ne, buhu mai tiya 40 kuma na kwana ashirin.

To, a ɗauka wannan gida ya ɗaure dami 60. A ido rumbu ya cika, maƙwabta suna ta barka da arziki. Fitar da zakka, ɗaya cikin goma: saura 54. Buhu biyun Alhaji sun cinye kusan dami 14: saura 40. A ware biyu na iri. Sai haraji, da kayan makarantar yara, da suna, da gudummawar auren 'yar ƙane, waɗanda a sannu za su ja kamar dami takwas zuwa kasuwa a lokacin da hatsi ya fi araha. Abin da ya rage 30 ne, wato kwana 90. In an fara ci daga farkon Nuwamba, ƙarshen Janairu an ga ƙasan rumbu, sabon hatsi kuwa sai ƙarshen Satumba. Wata takwas ke nan da ba su da abinci a ajiye. Wannan adadi shi ne abin da ya kamata miji da mata su sani tun ranar da aka gama ɗauri. Da yawa ba sa son saninsa, don yana tayar da hankali. Amma wanda ya san a Nuwamba cewa wata takwas ke gabansa yana da rani guda cur na neman mafita. Wanda bai gane ba sai a Yuni, ƙofa ɗaya ta rage masa.

Na ce miji da mata da gangan. A al'adarmu rumbun gandu na maigida ne, mace ba ta leƙa shi, ita kuma tana da gamanarta da awakinta da ɗan jarinta na ƙuli-ƙuli ko ƙosai, shi ma ba ya tambaya. Wannan rabo yana da amfaninsa, yana kare dukiyar mace. Illarsa ita ce gida ɗaya yakan ci bashi ta ƙofa biyu, babu wanda ya san na wani. Maigida ya karɓi taki a wurin ɗan kasuwa, uwargida ta karɓi atamfa da kwanuka a wurin dillaliya don kayan ɗakin 'yarta, ranar biya ta haɗu a mako guda. Ba sai an haɗe dukiya ba. Abin da ake bukata shi ne zama ɗaya bayan sallar isha'i, a ce: "Maigida, faɗa mini wa da wa ke binmu, ni ma in faɗa maka nawa." A gidan da ke da mata biyu ko uku zaman ya fi wuya, ya kuma fi zama dole. A samu yaron da ya yi makaranta, ko malamin da ke rubuta ajami, ya jera su a takarda: sunan mai bi, abin da aka karɓa, abin da za a mayar, da yaushe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau ana ganin neman a rubuta kamar zargi ne ga mai ba da rance. Wannan kunya ta raba zumunci da yawa, musamman idan ɗaya daga cikin biyun ya rasu, magada suka zo kowa da lissafinsa.

Idan an jera su, sai a ga ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Jika goman da yaya ya ba ka ranar da matarka ta haihu ba ya ƙaruwa, kuma yaya zai saurare ka in ka je da kanka ka faɗa masa watan da za ka kawo. Kada dai a riƙa kauce masa a hanya, wannan ya fi rashin biyan ciwo. Bashin da ke ninkawa da kaka shi ne na farkon kashewa, kuma da abin da za a biya shi ma akwai dubara. In Alhaji zai karɓi kuɗi, gara a sayar da wake ko riɗi ko aya a biya shi, a bar hatsi a rumbu. Wake kayan kasuwa ne, ƙwari ma ba sa barin sa ya daɗe in ba a buhu mai leda biyu a ciki aka ɗaure shi ba, hatsi kuwa a zangarniyarsa yana shekara lafiya, kuma duk tiyar da ka fitar a Oktoba za ka sayo ta da tsada a Yuli.

Sai babban abin da kakanni suka sani, wanda yunwa da sauyin zamani ke neman mantar da mu: rufe rumbu. A da, da an gama kaka maigida yakan ɗiba wa kowace mace rabonta na rani, ya liƙe rumbun gandu, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Samari da shi kansa su tafi cin rani, a rage bakin da ke ci. Hikimar a bayyane take. A rani hatsi yana da sauƙi, akwai aikin yi, akwai kasuwa. A damina ne tsada take, kuma a lokacin ne jiki ke bukatar abinci don riƙe hauya. Gidan da ya wayi gari a Yuli babu hatsi, maigidansa barema zai tafi, ya nome gonar wani don tiyar yini, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Da kaka ya samu ƙasa da na bara, bashin kuma ya fi na bara. Dami 30 ɗin nan na misalinmu, in an ci su daga Nuwamba zuwa Janairu, an ci abinci ne kawai. In an ajiye su zuwa Yuli da Agusta da Satumba, sun ciyar da gida, sun tsare gona, sun kuma hana zuwa ƙofar Alhaji. Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya: rufe rumbu yakan zama zalunci idan maigida ya liƙe ya tafi bai bar wa mata da yara abin da zai kai su ba, ya bar uwargida tana sayar da akuyarta ɗaya-ɗaya. Rabon rani a auna shi da tiya a gabanta, a kuma yi magana a kan abin da za a riƙa aikowa da lokacinsa.

Cin ranin ma ya canza. Yawancin samarin yankin Najeriya suke nufa, Katsina, Kano, Abuja, Legas. Tun da darajar naira ta zube a kan sefa daga tsakiyar 2023, abin da yaro ya tara cikin wata huɗu yakan narke a hannun ɗan canji, bashin gida kuwa da sefa aka ci shi. Iyakar ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har cikin 2024. Gidan da ya ɗora dukan lissafinsa a kan aiken ɗa guda ya jingina da abin da ba a hannunsa yake ba.

Akwai tambayar da kowa ke yi: mutumin da ake bi, ya halatta ya yi ajiya? Ni ina ganin dole ne ma. Wanda ya kwashe duk abin hannunsa ya biya bashi, ranar da zazzaɓi ya kama yaro sai ya ci sabo, sau da yawa mai tsada fiye da wanda ya biya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma a wannan fanni matan ƙasar Maraɗi ne suka koya wa duniya. A 1991 ƙungiyar CARE, tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes, ta fara aiki da matan ƙauyukan jihar a kan tsarin da aka kira Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da mata suka saba ne, aka gyara shi. Mata ashirin da biyar zuwa talatin su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka amince, ko dala ashirin ce. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta na ɗan lokaci ta mayar, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Ba a kawo musu jari daga waje ba, nasu ne. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna cikinsa.

Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne kwaɗo ukun. Duk wanda ya taɓa ɗaure kuɗi a bakin zane ko ya tura a ƙarƙashin katifa ya san ba ɓarawo ne ke cinye ajiyar talaka ba, bukatar yau ce da kunyar ido. Ɗan uwa ya zo da kuka, miji ya ce a ranta masa zuwa ranar kasuwa, ba yadda za a ce babu alhali akwai. Kuɗin da ke cikin akwatin ƙungiya kuwa mace tana iya rantsewa ba ta da iko da shi sai ranar taro, kuma gaskiya ta faɗa. Ƙungiyar da ta yi wa kanta gata takan sa ranar fasa asusu gab da faɗuwar damina, lokacin sayen iri da taki da hatsin noma, maimakon gab da salla. Akwai maganar ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen, wanda ke damun mutane da yawa saboda tsoron riba. Damuwa ce ta gaskiya, kada a raina ta. Wasu ƙungiyoyin suna ganin tunda ƙarin yana komawa ga masu zubin ne ba laifi, wasu sun zaɓi su bar shi. A zauna da malamin da aka yarda da iliminsa tun kafin a fara, kada a bari sai kuɗi ya taru.

Maza ma suna da irin tasu hanyar, wadda masu aikin gona ke kira waranta. Hukumar FAO ce ta yaɗa ta a Nijar tun daga 1999. Ƙungiyar manoma ta tara amfaninta da kaka a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun manoma, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rancen da bai kai darajar kayansa ba, ya yi hidimar kaka, ya ja jari a rani, ko kiwon rago ko 'yar kasuwa. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe, ya karɓi kayansa lokacin da farashi ya hau. Ribar jira, wadda a da ɗan kasuwa ke ci, ta dawo wa wanda ya yi noman. Ba kowace shekara take yin daɗi ba, don akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka zata, kuma wanda ya cinye rancen a biki zai rasa kayan. A yankin Agiye kuma, bayan yunwar 2005, aikin da asusun FIDA ya tallafa ya kafa rumbunan mata na damina: a ranta wa gida hatsi lokacin noma, ya mayar da kaka da ɗan ƙari, hatsi da hatsi, ba tare da an bi ta farashin kasuwa ba. Inda aka samu shugabanni masu amana rumbunan sun ɗore, inda aka yi ta ɗaga wa dangi ƙafa sun mutu. Haka nan idan hukumar abinci ta gwamnati, OPVN, ta kawo hatsin farashi mai rangwame, wanda ya riƙe 'yan kuɗi a hannu shi ke samu.

Sauran hanyoyin tara abin biya sanannu ne, ba sai an tsawaita ba. Jar akuyar Maraɗi tana yawan haifar tagwaye, kuma ɗan akuya biyu sun kashe ƙaramin bashi. Harawar wake da aka ɗaure a kan rumfa tana tsada a bazara. Itatuwan da manoma suka riƙa bari suna tsirowa a gona tun shekarun 1980, abin da ya sa sunan ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya kai ƙasashen waje, suna ba da itacen sayarwa da ganye da abincin dabbobi a daidai watannin da babu komai.

Biki ne wurin da lissafi ya fi karyewa, kuma ba na cikin masu cewa a daina. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ajiya ce, za ta dawo mata ranar tata hidimar, wanda ya janye daga mutane kuwa ranar da ya faɗi babu mai ɗaga shi. Abin da ke kashe gida shi ne ninki: an kawo miki jika ɗaya, ki mayar da biyu, a dawo miki da huɗu, har a kai inda sai an ci bashi kafin a fita kunya. Mace ɗaya ba ta iya tsayar da wannan, za a yi da ita. Ƙungiya tana iyawa. Mata talatin da ke zama kowane mako in suka yanke cewa abin da aka kawo shi za a mayar, magana ta zauna a unguwa.

Bashin da ya fi kowanne ɗaurewa shi ne jinginar gona, don ba ya zuwa bakin masussuka, shiru yake yi. Ka karɓi jika ɗari, wani yana nome gonarka har ranar da ka mayar, kai kuma an rage maka inda za ka samo abin fansar. Shekara biyar, shekara goma, shaidu su mutu, 'ya'yan wancan su tashi suna ganin gonar ubansu ce. Duk gidan da ke da gona a hannun wani, da zarar an kashe bashin da ke ninkawa, fansarta ce ta gaba, ko da za a shekara biyu ana tara kuɗin a asusu. A kai kuɗin bayan an kwashe amfani, kafin wancan ya fara sharar gona ya kai taki, don kada a ba shi hujjar cewa sai baɗi. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye a Nijar, daga baya har zuwa matakin ƙauye inda maigari ke shugabanta, kuma suna ba da takardar shaidar jingina. Wanda ya riga ya jinginar da baki kawai, ya nemi wanda ke riƙe da gonar su je tare gaban maigari a rubuta, da adadin kuɗin da iyakokin gonar, tun waɗanda aka yi abin a gabansu suna raye.